Ɗaki Mai Ƙafa Huɗu

Shekara talatin da ɗaya yana ci-rani a Abijan,
ni ina Tawa, ina auna damina da tiya.
Ya dawo da furfura da ciwon gwiwa
da ƴan kuɗin da kowa ya ce na buɗe kanti ne.
Sai ya je ya sayo gawar motar asibiti.

Wata uku tana garejin Anaruwa mai walda.
Suka cire gadon marasa lafiya, suka sa katifarmu,
suka ɗaure randa da igiyar taya,
suka yanka taga inda ba taga,
faranti mai shan rana a bisa rufi kamar faifai a kan ƙwarya.
Ƴan unguwa suka ce kunkuru ya samu ƙane.
Na ce su bar shi, wanda ya daɗe a ɗakin haya
ba ya yarda da gidan da ba ya motsi.

Ya ce: na san kowace kwana ta ƙasar wasu,
amma tafkin Tabalak a bakin direbobi na ji shi.
Tashi ki ɗauko tukunya.
Na ce: da tsufana?
Na ɗauko har da turmi.

Mun fita bayan asuba, garin bai gama hamma ba.
Turmi na bugun randa, randa na amsawa,
kowane rami a kwalta sai ludayi ya yi salati.
Ashe bayan tudun yashin da nake gani daga soro
akwai wani tudu, bayansa jan dutse shimfiɗe kamar tabarma,
akwai kwari inda gawo ke tsaye da ganye
alhali kowane icce ya tuɓe.
Jandarma ya leƙo, ya ga labule da buta da carbi a ƙusa,
ya manta takardun da ya zo tambaya,
ya ce: Inna, sallama zan yi ko usur zan busa?

Da hantsi ruwa ya bayyana.
Ban yi magana ba.
Ni da na san ruwa a guga, a tulu, a ƙarshen dogon layin famfo,
ga shi kwance ba mai gadi, ba mai karɓar dala.
Balbela ta yi fari a gaɓa,
kirinjijiya na fito kamar yara sun tashi daga lakwal,
wani yaro ya sayar mana da ƙarfasa huɗu
da cuku biyu masu zanen tabarma a baya.

Nan motar ta ce ta gaji.
Ya shiga ƙarƙashinta, ƙafafunsa kaɗai a waje,
yana yi mata faɗa da wani yare na bakin teku.
Ni na hura gawayi.
Ba wanda ke jiranmu a ko'ina.

Da dare muka buɗe ƙofar baya,
inda a da ake shigo da masu nishi,
taurari suka sauko wanka.
Ya zuba shayi na uku, ya fara lissafi da yatsu:
albasar Galmi, duwatsun Dogon Dutsi,
raƙuman dawa na Kure masu kiwo a kan bagaruwa,
sannan Yamai, mu tsaya a gada mu ga kogi da la'asar.
Na ce: fara gyara abin da ke ɗiga tukuna.

Ya yi dariya har tari ya kama shi.
Na miƙa masa ruwa, na lura
ban taɓa sanin da hagu yake riƙe kofi ba.

Kwana biyu muka yi, babbar mota ta jawo mu gida da sarƙa.
Yanzu tana ƙofar gida, kaza ta yi ƙwai bisa kujerar direba.
Anaruwa ya ce kayan gyara sai Ƙonni, sai an jira.
Ban sauke turmina ba.