Abin da Duhu Yake Goyo

Ƙarfe tara na dare, a kan tsauni a hamadar Atakama,
inda ruwan sama kan shekara bai leƙo ba,
Herminia Chocobar ta ɗura wa na'ura
ruwan sanyi mai hayaƙi, wanda ya fi ƙanƙara mugunta.
Sai an daskarar da wannan ido kafin ya ji ɗumi.
Shekara tara tana aikin,
har yau abin yana ba ta dariya.

Rufin ya buɗe da gurnani
kamar tsohon da aka tasa daga barci.
Taurari ko'ina, gishiri a kan baƙin faranti,
sai wuri guda da babu ko ƙwaya,
kamar an yagi zane an bar ramin.

Kakarta, Tránsito, ba ta ƙirga masu haske.
Ita duhun take karantawa.
Takan ɗaga haɓa ta ce:
ga lama can, ta miƙa wuya tana shan kogin sama,
ga ɗanta a gindinta yana tsotso.
Jikoki su ce, kaka, ai wofi ne wurin.
Tsohuwa ta ci gaba da murza zarenta.

Yau Ilario Vukasovic, masanin da ya zo daga kudu,
leɓɓansa duk sun tsage saboda bushewar iska,
ya karanto lambobi.
Madubi ya juya a hankali,
ya tsaya cak a kan wani baƙin girgije
na ƙura da iska mai tsananin sanyi,
labulen da hasken ido ba ya ketawa.
Amma akwai haske a bayan ja,
inda ido ya ƙare, fata ta karɓa,
irin wanda tafin hannu ke ji
a jikin bango bayan faɗuwar rana.
Shi ƙura ba ta iya tsare shi.

Minti arba'in ba komai sai yayyafi a allo.
Shayi ya huce. Ilario ya yi gyangyaɗi.

Sai ɗigo ɗaya.
Sai uku a jere, kamar garwashi a ƙarƙashin toka.
Herminia ta bi su da yatsa: sha bakwai.
Ba su zama taurari ba tukuna,
curi ne ke tattaro kansa, yana matsewa, yana zafi,
wani ma yana feso numfashi ta gefe biyu
kamar jaririn da ya ƙoshi.
Ɗumin nan ya kamo hanya
tun ba a haifi kakar kakarta ba.

Ilario ya farka yana neman biro.
Ita kuwa ta tuna wata safiya a garke:
tsohuwa ta durƙusa, ta cusa hannu cikin gashin lama,
ta rufe ido, ta daɗe,
sannan ta ce, wannan tana da ciki.
Ba wanda ya ga alama sai bayan wata biyar.

Da asuba aka rufe rufin.
Ta naɗe hoton ta sa a aljihun riga,
ta gangara da mota zuwa Toconao.
Tránsito ta makance tun bara,
takarda kuma ba ta da ɗumi.
Duk da haka za ta ɗora mata a tafin hannu,
ta ce: kaka, sha bakwai ne.