Jimilla a Tsibirin Bhola

Ambaliya ba ta gama janyewa ba
Tahmina ta kunna kwamfutar hannu.
"Ku nawa ne a gidan?"
Tsoho Mofizul ya fara da matarsa.
Shafi ya rufe, wani ya buɗe, irinsa sak,
can a kusurwa: ɗaya.

Jika, biyu. Suruka, uku.
Kowane sabon shafi
yana goye da lissafin na baya.

"Sai Jalal."
Huɗu.
Shekaru? Sana'a? Ya amsa duka,
har da launin kwalekwalen.
Yana ina yanzu?
Tsoho ya dubi kogi.

Akwai maɓallin gogewa a ƙasa, ja.
Yatsanta ya daɗe a kansa.
Jirgi na ta kira daga gaɓa.

Ta danna na gaba.
Huɗun ta bi ta
har shafin buhunan shinkafa.