Musu a Bakin Gada

A Garwa, bakin gadar Binuwai,
wurin Sa'adu mai gasa kifi,
musu ya kaure kan Barmo Guduma,
tsohon zakaran damben masu nauyi.

Jauro tela ya ce:
"Ku daina zuzuta shi.
Wa ya kayar? 'Yan dako da masunta!
Wanda ya zo daga Duwala
zazzaɓi ke jikinsa ran nan,
ko ni na shiga, da na kwantar da shi."

Ɗanliti direba ya tofar da ƙaya:
"Kana kan keken ɗinki lokacin,
ni ina layi na biyu.
Hagu ɗaya, ɗan Duwala
ya farka yana tambayar sunan garin.
Da a Turai aka haifi Barmo
da hotonsa na kan kwalin sukari."

"Turmi goma sha biyu a Yawunde fa?"
"Alƙalai suka ci kuɗi."
"Kullum alƙalai!"
Kifi ya huce, ba mai ci.

Can gefe, gindin dalbejiya,
mai facin taya ya sunkuya,
yana tsoma tiyub a ruwa, yana neman kumfa.
Kunnensa na dama ya mutu tun Yawunde,
mu kuwa a damansa muke zaune.
Hannun da ake musu a kai
sai ya yi rawa kafin ya kama almakashi.

Da magariba na kai masa babur.
Ya ce sefa ɗari biyu.
Na miƙa ɗari biyar, na juya.
Ya kira ni, ya ƙirga mini canji.