Gadurum

Jatau ya ce kada in zo da silifa,
akwai kububuwa ƙarƙashin kwanon da ya faɗo.
Da su na zo. Ba ni da wasu.

A Kujama muka rabu da kwalta,
muka bi gefen kunyoyin doya, sai ciyawa, sai fako,
har inda babur ya ce shi kam ya gama nasa.
Sauran hawan, gwiwa ce ta biya.

Ga shi nan.
Katangar dutse, kaurinta ya isa yaro ya kwanta,
ƙofa ba ƙyaure,
sai ƙarafa biyu da tsatsa ta ci ta rage.
Ba wanda ya daka mana tsawa.
Ƙadangare ne a bakin aiki,
ya gyaɗa kai sau uku, muka wuce.

Filin fareti ya zama gonar gyaɗa.
Kunyoyi sun ja sahu, ba samanja, ba bulala.
Mai gonar, tsohuwa da ƙwarya a kafaɗa,
ta ce ƙasar nan taurin kai gare ta:
"Takalma sun daɓe ta.
Damina uku ina lallashi kafin ta ba ni ko tiya."

Igwa tana nan, bakinta na kallon hanya,
zanzaro ya gina ɗaki a maƙogwaronta.
Na kanga ido a tsagar da ake zura bindiga,
na ga rabin akuya, rabin bishiyar ɗorawa,
da wani mai keke da ya shigo ya fita.
Ashe iyakar duniyar mai gadi ke nan,
faɗin yatsa huɗu.

Ba yawon buɗe ido ya kawo ni ba.
Kakana, Kofur Barmo, a nan ya yi ƙuruciya.
Ya ce shi ke busa begila,
shi ke tayar da ƙarti ɗari huɗu kafin zakara.
Ya ba mu labarin Bama, da jirgin ruwa, da tabon ƙwaurinsa,
har muka haddace, muna riga shi ƙarasawa.
Bai taɓa ambatar ɗan ɗakin nan na kusurwa ba.

Taga babu, sai huda kamar tafin hannu.
Jemagu suka yi mana tir suka fice.
Na kunna fitilar waya,
sai bango ya fara magana, kowa da bakinsa:
boko, ajami, gicciye, zanen jirgin ƙasa,
sunan wata Asabe har sau bakwai,
na ƙarshen hannun ya gaji.

Can ƙasa, daidai inda mutum zai kai in yana zaune,
lambobi biyar.
Na san su tun ban san karatu ba,
su ne a murfin akwatin ƙarfe
da Kaka ke ajiye zannuwanta.
Ƙarƙashinsu, da kan ƙusa, da ajami mai rawa:

Na ƙi busawa.

Sai zane-zane a tsaye, kamar karan shinge.
Na bi su da yatsa. Ashirin da takwas.

Busa ta me, Baba?
Ta tashi ce, ko ta fita wani ƙauye
da bai biya haraji ba?
Wa aka ɗaure a filin da gyaɗa ke yaɗo yau?
Shekara nawa muna zaune a gabanka,
kana ba mu ƙaiƙayi, ka ɓoye tsabar.

Jatau na kira, hadari ya haɗo ta Kajuru.
Na ɗauki hoto, hoton bai fito ba,
duhu kawai, da gefen babban yatsana.

Da muka zo wucewa tsohuwar ta tuge gindi ɗaya,
ta karkaɗe, ta miƙo min.
Ɗanya ce, da sauran ƙasa a jikinta.
Na ci a hanya.