Ƙusa ta Uku Daga Ƙofa

Ni ne mai tsaron raga, lokacin ina da hannu biyu.
Ku bar ni in faɗa, kafin tsufa ya kwashe saura.

A Bacup, ran Asabar, da jiniyar masaƙa ta yi kuka,
Enoch Birtwistle zai fito da auduga a gira,
kunnensa cike da ƙugin injin mako guda,
burodi a hannu, yana gudu yana gatsa,
don filinmu na kan tudu ne, bayan maƙabarta,
kuma sai mun kori tumakin Ashworth kafin a fara.

Filin ma karkatacce ne.
Ƙwallon ta fatar sa ce, mai igiya a baki,
in ta sha ruwa ta fi tulu nauyi,
ka sa mata kai, ka ga taurari da rana tsaka.

Shi gefen hagu ne gidansa.
Siriri kamar sillen kara, ƙafa ɗaya ta ɗan baɗe,
ba ya surutu, ba ya ɗaga kai,
sai ka ji iska ta wuce,
ka waiga, ka ga ƙeyarsa.

Wata rana mai doguwar hula ya zo daga birni,
ya ce fam biyu duk mako, ga ɗaki, ga riga sabuwa.
Enoch ya kankare laka daga dunduniya,
ya ce, "Kwana biyar da rabi na sayar wa masaƙa.
Rabin nan nawa ne. Ba ya kasuwa."
Muka ce masa wawa.
Uwarsa ta faɗi abin da ya fi haka.
Mako na zagayowa ya biya kwabo biyun sabulu
kamar kowa.

Sai yaƙi ya buga ganga.
Mu bakwai cikin sha ɗaya muka shiga layi,
har da waƙa a jirgin ƙasa,
sai ka ce wasa za mu a garin maƙwabta.
Saje ya ga gudunsa ranar atisaye,
ya nuna shi da sanda: ga ɗan aike.
Abin da ya hana a saya,
aka karɓe shi kyauta.

Faransa ma laka ce, amma ba irin tamu ba.
Tamu tana fita a baho, gaban murhu, daren Asabar.
Yana bin ramuka da takarda a ƙirji,
yana kauce wa abin da ba shi da ƙafa,
balle ka yanke shi ka wuce.
Sau nawa ya je ya dawo?
Na bar ƙirga a talatin.

Ranar safiya ce, raɓa ba ta bushe a kan waya ba.
Ya miƙo mini guntun sigarinsa,
ya ce, "Riƙe mini."
Na riƙe.
Na riƙe har ta ƙona mini yatsa.

An ce saƙon ya isa.
Wani yaro ne ya zare shi daga aljihunsa, ya ƙarasa.
Ko a can, bai tsaya da ƙwallo shi kaɗai ba.

Na dawo da hannu ɗaya.
Mai tsaron raga! Ku yi dariya, ni ma na yi.
Yanzu ni ke zuba farar ƙasa a kan layi,
ni ke korar jikokin tumakin nan.
Uwarsa ta kawo takalmansa a ƙunshin jarida,
ta ce ba ta iya ganinsu, ba ta iya zubarwa.
Suna rumfar canza kaya, ƙusa ta uku daga ƙofa.
Duk kaka ina shafa musu kitse,
da gwiwa nake danne su in goga.

Yara na tambaya, ƙwallo nawa ya ci?
Wa ya rubuta? Wa ke da takarda a ruwan sama?
Na dai san in ƙwallo ta gangara hagu
babu kowa a wurin,
har yau sai na miƙe daga benci,
ina jiran iska.