Layi na Sha Ɗaya

A shagon Ukashatu, bakin tashar Aliero,
janareta na tari, fanka na gyangyaɗi,
na cike takardar neman tallafin karatu.
Suna: Zayyanu Hamidu.
Aji: biyu. Sakamako: ba na jin kunyarsa.
Sai layi na sha ɗaya ya tsaya mini a maƙoshi:
Shin kotu ta taɓa yanke maka hukunci?
Gida biyu, ƙanana kamar ƙwayar gero,
ɗaya I, ɗaya A'a.

Ukashatu ya ce, "Danna a'a mu wuce, malam,
akwai mutane bayanka.
Wa zai je tonon takardun kotu saboda kai?"

Shekara uku ke nan. Lokacin cirar albasa,
muna dakon buhu tun asuba har la'asar sakaliya,
ɗari biyu kowane buhu zuwa bakin mota.
Gadon bayan mutum ba ƙarfe ba ne.
Wani ya miƙo mini ƙwaya a tafin hannu,
ya ce ita ke sa rana ta yi sanyi.
Ta kuwa yi.
Kati huɗu aka zaro daga safata
a shingen hanyar Jega.
Wata biyar. Alƙali bai ɗago ba da ya faɗa,
yana laluben murfin birona da ya ara.

Na yi wata biyar ɗin, ban ci bashin yini ɗaya ba.
Baba ya sayar da albasarsa tun ba ta yi kuɗi ba
saboda lauyan da ya zo sau ɗaya.
A ƙofar masallaci wani ya ce
albasa ba ta yi halin ruwa ba.
Ya ji. Ya ɗauki takalmansa.

Amma na sha ganinsa a rumfar ajiya
yana juya albasa ɗai-ɗai.
In ya tarar da wadda ta yi taushi a gefe
ba ya jefa ta bayan danga.
Yakan ɓare ɓawo ɗaya, ya ɓare na biyu,
ya kai hanci,
ya ce, "Cikinta lahiya lau,"
ya aje ta inda iska ke bi.

Takardar nan ba ta da hanci.
Ba ta da layi na sha biyu
da zai ce: to, bayan nan fa?
Da na rubuta mata daren da jikina ya yi ta rawa
Inna na danne mini ƙafafu tana karanta abin da ta iya.
Da na rubuta damina uku ban taɓa ba.
Da na rubuta yara tara da nake koya wa lissafi
a zauren Malam Nafi'u bayan magariba.

Na danna I.
Ukashatu ya girgiza kai, ya karɓi ɗari biyar ɗinsa.

Ran da aka liƙa sunaye
na bi su da yatsa daga sama har ƙasa,
na sake bi daga ƙasa, ko an yi kuskuren harafi.
Na ga sunan wanda ya miƙo mini ƙwayar farko.
Shi ba a taɓa laluba safarsa ba.
Na yi masa barka. Da gaske na yi,
ko da yake sai da na haɗiyi yawu.

Ran Alhamis za a rufe rajista.
Dubu saba'in da huɗu.
Na iya lissafi, ai shi nake karantawa:
buhu ɗari uku da saba'in.
Bayana ya fara magana tun kan na kai fadama.

Mai kati yana nan gindin dalbejiya, bayan tasha,
ya san ni, yakan ɗaga hannu.
Hanyar da ta bi ta gabansa ta fi kusa.
Yau ma na zaga ta bayan makabarta,
littafi a aljihu, gammo a hannu.