Yaudarar Ƙuduji

Ni ne Harisu, mai wankin kwalabe,
shekara sha tara a bene na biyu,
Jami'ar Jazira, nan Wad Madani.
Ban iya karanta abin da suke rubutawa ba,
amma na san warin kowane sinadari
kamar yadda majemi ya san bagaruwa.

Ubana manomi ne a Mai Wurno.
Kakansa ya taso daga Sakkwato da niyyar Makka,
Shuɗin Nilu ya tare shi, ya ce zauna.
Ya zauna, ya shuka dawa.
Ƙuduji ma ya zauna.
Larabawa su ce buda, mu mu ce ƙuduji,
suna biyu, ɓarawo guda:
fure a sama kamar ba ruwansa,
a ƙasa bakinsa na cikin saiwar dawa.
Na ga ubana a duƙe yana tumɓuke shi
har bayansa ya manta miƙewa.

Wata safiya Dakta Awaɗif,
da finjalin jabana a hannun hagu,
ta kira ni bakin madubinta.
"Leƙa, Harisu. Irin ke nan, gishiri ya fi shi girma.
Yakan shekara goma a ƙasa yana kasa kunne.
Saiwar dawa tana da wani gumi,
shi yake ji ya farka, ya miƙo baki.
To, gumin za mu ƙera a kwalba,
mu zuba a gonar da ba a shuka ba.
Ya farka, ya lalubi nono,
babu.
Ya mutu da yunwarsa."

Na ce, "Dakta, ashe ƙarya za ku yi masa?"
Ta yi dariya har tabaraunta ya zame.
Na ce, "An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya."
Ta ce, "Tamu furen za ta hana,
'ya'yan mu bar wa dawa."

Haɗi arba'in da shida na wanke bayansu.
Wani ya yi ƙarfi, ya ƙona komai.
Wani rana ta cinye shi kafin azahar.
Ranar da aka ɗauke wuta kwana uku
firji ya yi gumi, aikin wata bakwai ya narke,
Mu'awiya ɗalibi ya zauna a matakala
ya rufe fuska da farar rigarsa.
Na kai masa shayi, ban ce komai ba.
Me mai wanki zai ce?

Maƙalar ta tafi ƙasar waje ta dawo,
ta sake tafiya ta dawo da jan biro,
kamar ɗan aike da ba a buɗe wa ƙofa ba.
A ta uku suka karɓa.

Ƙarshen shekara shugaban tsangaya ya miƙe
yana ƙirga girbin jami'a:
sashen sinadarai talatin da ɗaya,
sashen tsirrai ashirin da huɗu.
Aka tafa. Ni ina baya da tire,
ina tunanin ko takarda na cika rumbu.

Da yamma ta same ni a bakin famfo,
ta buɗe shafin ƙarshe, can gindi,
ta ɗora farce kan wasu ƙananan baƙaƙe.
"Wannan sunanka ne."
Hannuna da kumfa, ban taɓa ba.

Bana an gwada a gonar ƙanena.
Inda muke ƙirga fure sittin, sha huɗu muka gani.
Sha huɗu ba babu ba ne,
Dakta ma ba ta ce an gama ba.
Ubana bai kai ga gani ba,
yana kwance gabas da gonar, a miƙe yanzu.

Gobe akwai kwalabe.
Ɗauraya uku, ta huɗu da tataccen ruwa,
don ɗigon sabulu guda
yana iya sa gaskiya ta yi ƙarya.